Albashin Andalus da Lissafin Gyaɗi-Gyaɗi

Duk wanda ya saba zama a majalisun Gyaɗi-Gyaɗi ta Kano bayan sallar Isha'i, ko a bakin rumfunan kasuwar Tarauni, ya san cewa da zarar an ce wane ya sami aiki a Sifaniya, kafin a tambayi lafiyarsa an riga an ɗauko waya an buga albashinsa da canjin 'yan Wapa. Ita ce ƙasar da malamanmu ke kira Andalus, inda aka haifi Alfazazi mai Ishiriniya a Ƙurɗuba, kuma inda Ibn Asim na Garnaɗa ya tsara Tuhfa wadda alƙalai suka daɗe suna nazari, sai ga shi a yau ba a ambatonta sai da Yuro.

Lissafin kuwa yana da ruɗarwa. Mafi ƙarancin albashi da hukumar ƙasar ta yanke a 2025 shi ne Yuro 1,184 a wata, ana biya sau 14 a shekara, wanda in an juya shi ya kusa Naira miliyan biyu, alhali kuwa mafi ƙarancin da gwamnatin Kano ta amince da shi a 2024 Naira 71,000 ne. To, ina mai hankalin da zai ji wannan bai ce ɗan'uwansa ya haye tudun mun tsira ba? Abin da ba a faɗa a majalisa shi ne, mai albashin ba a Wapa yake kashe shi ba. A Basalona matsakaicin kuɗin hayar gida ya haura Yuro 1,000, kuma ba shekara-shekara ake biya kamar a nan ba, duk wata ne, bayan kuɗin ajiya da mai gida ke riƙewa tun ranar shiga. Saboda haka magidanci wanda ya bar gida mai zaure da tsakar gida a Tarauni yakan tsinci kansa a ɗaki guda, yana tarayya da baƙin mutane a madafa da makewayi, ɗakin kuma ya lashe sulusin abin da ya samu ko fiye, kafin a zo kan wuta da ɗumama ɗaki a lokacin hunturu da naman halal na mahautan Maroko da Pakistan a unguwar Raval.

Adalci ne a faɗi cewa akwai sauƙin da ba mu da shi: asibiti da makarantar yara na gwamnati ba sa cin aljihu, katin shiga jirgin ƙasa da bas na wata guda kuma bai taka kara ya karya ba. Amma duk wannan albashi na mai takardu ne. Wanda ya shiga ba izini sai ya yi rajistar mazauni a ofishin gari, ya jira shekara biyu (da uku ne, kafin Mayun 2025) kafin ya nemi takardu, yana ci-rani a gonakin Almeriya ko tsinkar 'ya'yan itace a Lleida, ladansa gwargwadon imanin mai gona. A garin Vic kuwa, inda 'yan Gana ke da yawa, babbar sana'ar yankin mayankar alade ce, wanda ya sa Musulmi yakan tsaya tsakanin larura da shubha, mas'alar da na bar wa malamai.

Bilhasali, abin da ke isowa gida ba rarar kuɗi ba ne, yanki ne na abincin mai aikowa. Nafaƙar iyaye da iyali wajibi ce, ba mai jayayya. Amma kayan lefe da ragon suna da sabuwar waya ba su cikin wajibai. Ina roƙon 'yan'uwa na Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, kafin ku aika wa ɗan'uwanku na can da jerin buƙatu a WhatsApp, ku fara tambayarsa nawa yake biyan ɗaki.