Awon bakin mahaifa: wurin da aka ɗebo shi ne magana

Sau da yawa mukan ga mace ta dawo daga gidan likita da takarda a hannu, wai an yi mata awon bakin mahaifa ba a ga kome ba. Shekara uku ta wuce babu ciki, dangin miji sun fara habaici. Alhali ta yiwu kilamidiya ce ta toshe mata hanyoyin ƙwai.

Wannan ƙwayar cuta ta hanyar saduwa ake ɗaukarta, kuma yawancin mata ba su jin alamar kome. Ƙungiyar lafiya ta duniya OMS ta ƙiyasta sabbin kamuwa wajen miliyan 129 a shekara ta 2020. Danginta ne ke kawo amosanin ido da muka sani a karkarar Maraɗi da Damagaram. Wajen haihuwa ma takan shiga idon jinjiri.

To, me ya sa awo ke kuskure ta? Ƙwayar ba ta zama a leɓen mahaifa na waje, can cikin ƴar ƙofar take ɓuya, a cikin ƙwayoyin naman wurin. Ɗan katakon da aka saba kankaro samfur da shi, wanda likita Ayre ya ƙirƙiro a 1947, galibi waje yake sharowa. Sai an fara goge majinar da ke bakin, a shigar da tsinken auduga ko ɗan buroshi kamar santimita 1 zuwa 2, a juya shi na ƴan daƙiƙu, sannan a samo abin da ake nema. Mai ciki dai ba a sa mata buroshi. Kuma mu sani, shi froti don neman kansa aka yi shi. Ko an ɗebo da kyau, ba a dogara da shi wajen kilamidiya.

Tun shekarun 1990 aka samu awon da ke gano ƙwayar halittar cutar kanta. Da shi, fitsarin farko da ya fito ya isa, ko mace ta ɗebo da kanta ta gaba, babu kunyar tuɓewa. Sai dai yana da tsada, ba kowane gidan likita ke da na'urarsa ba, shi ya sa a ƙauyuka da alamomi ake ba da magani.

Maganin kuwa doksisiklin ne na kwana 7, mai ciki a ba ta azitromisin. A haɗa da maigida, da abokiyar zama in akwai, in ba haka ba cutar dawowa za ta yi.