Sarayebo: Abin da Ya Kamata Ku Sani Kafin Ku Ɗaura Niyya

In aka ce yawon buɗe ido a Turai, hankalin yawancinmu Landan yake tafiya, ko Faris, ko Rum, inda kuɗin otal na kwana biyu kan lashe abin da mutum ya yi wata yana tarawa. Akwai wani gari da ba a cika jin sunansa a wajenmu ba sai ana labarin yaƙi, wato Sarayebo, babban birnin Bosniya, a yankin Balkan da ke kudu maso gabashin Turai. Yana kwance cikin kwari, duwatsu sun kewaye shi, wani ƙaramin kogi mai suna Milyatska ya raba shi biyu. Ƙidayar 2013 ta ba shi mutum wajen 275,000, kun ga ba wani ƙaton gari ba ne. Zama a cikinsa araha ne ƙwarai. Kai wa gare shi ne mai cin kuɗi, don haka daga nan za mu fara.

Bosniya ba ta cikin Tarayyar Turai, ba ta cikin yankin Shengen. Mai fasfon Najeriya ko Nijar sai da biza, ga shi ƙasar ba ta da ofishin jakadanci a Abuja ko Yamai. Ofisoshinta a Afirka 'yan ƙalilan ne, daga ciki akwai na Alƙahira. Amma akwai wata ƙofa da mutane da yawa ba su san da ita ba. Wanda ke riƙe da bizar Shengen mai shiga da fita sau da yawa, ko irinta ta Amurka, ko takardar zama ta wata ƙasar Tarayyar Turai, yana iya shiga Bosniya ba tare da bizarta ba, ya yi har kwana 30 a jere. Shi ya sa a ganina wannan tafiya ta fi dacewa da ɗalibin da ke karatu a Jamus ko Hungari, ko ɗan kasuwar da harka ta kai shi Italiya ya samu 'yan kwanaki rara. Masu zama a Turkiyya kuwa suna iya nema a ofishin Bosniya da ke Ankara ko Santambul. Dokokin shige da fice kan sauya, sai ku tabbatar da su kafin ku biya kuɗin jirgi.

Daga gida, hanya mafi sauƙi ita ce ta Santambul. Turkish Airlines yana tashi daga Abuja, Legas, Yamai da Akara, daga Santambul zuwa Sarayebo kuma bai cika awa biyu ba. A nan akwai tarko. Santambul na da filayen jirgi biyu, kuma jiragen araha irin su Pegasus daga na Sabiha Gokcen suke tashi, a ɓangaren Asiya. Wanda ya yanki tikiti biyu daban-daban don ya rage kuɗi, dole ya fita daga wannan fili ya ratsa gari zuwa wancan, abin da ba zai yiwu ba sai da bizar Turkiyya. Garin neman gira sai a rasa ido. Wanda yake cikin Turai kuwa, Wizz Air da Ryanair suna zuwa daga garuruwa da dama a kan kuɗi kaɗan, muddin ƙaramar jakar goyo kawai ya ɗauka. Akwati ne ke ninka kuɗin.

Kuɗin ƙasar marka ne, a jikin kaya za ku ga an rubuta KM. An ɗaure shi da yuro, yuro ɗaya marka 1.95583, saboda haka duk farashin da kuka gani ku raba shi biyu, kun samu kimarsa a yuro. Ku riƙe tsaba, don ƙananan shaguna da yawa ba sa karɓar kati, kuma ku canza abin da ya rage kafin ku fita, domin a waje da wuya a samu mai karɓarsa. Masauki kuwa, ku nemi ɗaki a unguwannin da ke kan tudu bayan tsohuwar kasuwa, irin su Kobaci da Bistrik. Hawan tudun na gajiyarwa, amma ya fi na bakin titi sauƙin kuɗi. Doka ta ce a yi wa baƙo rajista a wajen hukuma. Otal na yi da kansa, in gidan haya ne ku tuna wa mai gidan.

Abin da ya sa kuɗi ke auki a Sarayebo shi ne mafi yawan abin kallo a ƙafa ake zuwa, kuma ba a biya. Turkawan Usmaniyya ne suka kafa garin wajen 1462 a hannun Isa-beg Ishakovic, zuciyarsa kuma har gobe ita ce tsohuwar kasuwar Bashcarshiya. Wanda ya san Kasuwar Kurmi ta Kano zai gane tsarin nan take, kusan ma sa'annin juna ne: kowane lungu da sana'arsa, nan maƙeran tagulla, can dukawa, gaba masu zinariya. A layin maƙera da ake kira Kazanjiluk za ku ji ƙarar guduma tun kafin ku shiga. Suna zaune a bakin shaguna suna zana fure a jikin faranti da butar gahawa, wasu kuma kwankon harsashin yaƙi suke sassaƙawa su mai da shi alƙalami ko mazubin fure. Ana yin ciniki, amma ba irin na a faɗi dubu a saya ɗari biyu ba. Ɗan ragi ne kawai.

Tsakiyar kasuwar duk wakafin mutum ɗaya ne, Gazi Husrev-beg, gwamnan Bosniya kuma jikan Sarkin Musulmi Bayazid na Biyu ta wajen uwa. Masallacinsa an gama shi a 1531, makarantarsa ta buɗe a 1537 kuma har yau ana karatu da sunanta, haka ma ɗakin karatu mai dubban tsofaffin rubuce-rubucen hannu na Larabci, Turkanci da Farisanci. Ya gina rufaffiyar kasuwa, gidan wanka, wurin ciyar da matafiya, har da bayan gida na jama'a wanda ake amfani da shi zuwa yanzu. Ya rasu a 1541, kabarinsa na cikin harabar masallacin. Shagunan da ke kewaye suna biyan haya ga wakafin, da ita ake kula da ginin kusan shekara ɗari biyar ke nan. A jikin katangar masallacin akwai famfo biyu da ke zuba dare da rana, ruwan sanyi ƙalau daga duwatsu. Ku cika gorarku a nan, babu dalilin sayen ruwan roba a garin.

Ku ɗaga kai ku dubi hasumiyar agogo da ke gefen masallacin. Za ku ɗauka ta lalace, don lokacinta bai dace da na wayarku ba. Lafiyarta lau. Ƙarfe 12 nata shi ne faɗuwar rana, wato in ta nuna 11 saura awa ɗaya a kira magariba, in ta nuna 9 saura uku. Da yake rana ba ta faɗuwa a lokaci ɗaya kullum, akwai ma'aikaci na musamman da ake kira muwaƙƙit, wanda ke hawa matakalar katako kowane 'yan kwanaki ya daidaita ta da hannu. A ƙarƙashinta akwai tsohon gidan burodi da ke gashi har dare, da marka ɗaya ko biyu an yi karin kumallo.

Tunda an zo kan abinci: abin da garin ya yi suna a kai shi ne cebapi. Niƙaƙƙen naman sa ne, wani lokaci da na rago, a mulmula shi kamar yatsu a gasa a kan gawayi, a zuba cikin wani faffaɗan burodi mai laushi da ake kira somun wanda aka ɗan turara a kan naman ya sha maiƙo, a kawo da yankakkiyar ɗanyar albasa a gefe. Guda biyar ko goma ake saye, kuma na goma, wajen marka 10 zuwa 12, ya ishi ƙato ya wuni. Da hannu ake ci, ana korawa da kindirmo. Akwai kuma burek, siririn ɓawon fulawa da aka naɗe nama a ciki aka gasa ƙarƙashin murfin ƙarfe da aka lulluɓe da garwashi. Da awo ake sayarwa, akwai mai cuku, mai dankali da mai alayyahu. Wanda ya yi marmarin miya ya nemi shagunan da ake kira ashcinitsa, inda ake jera tukwane mutum ya nuna abin da yake so. A can ne zai samu begoba corba, miyar kaza da kuɓewa. Gaskiya ɗaya dai, girkinsu ba barkono, wanda bai iya cin abinci salam ba ya ƙulla ɗan yajinsa daga gida. Gahawa kuma a ƙaramar butar tagulla ake kawo ta, da ƙwayar sukari da ɗan alewa, kuma ba mai korar ka ko awa ɗaya ka yi a kanta.

A tsohuwar kasuwa samun halal ba wahala, amma kada ku je da tunanin Makka ko Madina. Ana sayar da giya a fili, mata da yawa ba sa lulluɓi, a sabbin unguwanni kuma akwai gidajen abinci masu naman alade, sai a tambaya. Musulmin ƙasar Hanafawa ne, za ku ga ɗan bambanci a salla, ba abin damuwa ba ne. Abin lura shi ne lokaci: a watan Yuni magariba na kaiwa wajen takwas da rabi na dare, a Disamba kuwa da ƙarfe huɗu da 'yan mintoci rana ta faɗi. In kuka dace da azumi, ku hau ganuwar Zhuta Tabiya da yamma, inda ake harba igwa a sanar da shan ruwa, jama'a na zaune a kan katanga da abincinsu.

Daga kasuwa ku bi titin Ferhadiya yamma. Akwai inda aka ja layi a ƙasa, gabas da shi ginin Turkawa, yamma da shi dogayen benaye irin na Biyana, domin daular Ostiriya da Hungari ta karɓi garin a 1878. Cikin tafiyar minti goma za ku wuce masallaci, tsohuwar majami'ar Otodoks, babbar majami'ar Katolika ta 1889, da wurin ibadar Yahudawa na 1581, zuriyar waɗanda aka kora daga Sifaniya a 1492. Tsohon littafin addininsu mai zane, Hagada ta Sarayebo, yana gidan tarihi na ƙasa. Wani malami Musulmi, Dervish Korkut, shi ya ɓoye shi daga 'yan Nazi. Kusa da Gadar Latin kuma shi ne inda Gavrilo Princip ya harbe yarima Franz Ferdinand na Ostiriya da matarsa ranar 28 ga Yunin 1914, abin da ya kunna wutar Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kwana ce kawai ta titi da allo a bango, minti biyar ya isa.

Yaƙin da ke zukatan mutanen garin shi ne na kusa. Daga Afrilun 1992 zuwa Fabrairun 1996 dakarun Sabiyawan Bosniya sun yi wa Sarayebo ƙawanya daga kan duwatsun nan, kwana 1,425, aka kashe sama da mutum 11,000. A watan Agustan 1992 aka ƙone ɗakin karatu na ƙasa da ke ginin Biyecnitsa da littattafai kusan miliyan biyu. Sai 2014 aka sake buɗe ginin. A kan tituna za ku ga wuraren da aka cike ramin bom da jan fenti, alamar an rasa rayuka a nan, kada ku taka. In akwai wurin da ya cancanci ku biya kuɗin shiga, ramin da aka haƙa a 1993 ne a ƙarƙashin filin jirgi, tsawonsa wajen mita 800, tsayinsa bai kai mutum ya miƙe ba, ta nan abinci da magani da makamai suka riƙa shiga garin. Akwai kuma gidan hotuna na 11/07/95, na tunawa da maza da yara sama da 8,000 da aka kashe a Srebrenitsa a Yulin 1995. Duk wanda ya haura arba'in a garin yana da nasa labarin. In ya fara, ku saurara. In bai fara ba, kada ku tono, kuma ku bar tambayar mutum ko shi wace ƙabila ce.

Don shan iska, ku hau taragon lamba 3, kuɗinsa wajen marka 2, har ƙarshen layi a Ilija, sannan ku bi wata doguwar hanya mai inuwar bishiyoyi, kilomita uku da ɗoriya, zuwa Brelo Bosne, inda kogin Bosna ke ɓuɓɓugowa daga gindin dutse. Larabawan Tekun Fasha sun gano wurin tuntuni, da rani har allunan shaguna da Larabci ake rubutawa. Akwai kuma keken igiya da aka sake buɗewa a 2018, mai hawa dutsen Trebebic inda kufan wasannin Olamfik na hunturu na 1984 yake. Baƙo ya fi ɗan gari biya, mai son ragi sai ya hau da shi ya sauko da ƙafa. Amma ko kusa kada ku bar hanyar da aka shata. Har yanzu akwai nakiyoyin yaƙi binne a wasu dazuzzukan ƙasar, jan allo mai hoton ƙoƙon kai ba ado ba ne.

Baƙar fata ba su da yawa a garin, za a kalle ku, galibi kallon mamaki. Abin kiyayewa shi ne takardu. Bosniya na kan hanyar masu ƙoƙarin tsallakawa Tarayyar Turai ta ɓarauniyar hanya, don haka jami'an iyaka kan tsananta tambaya. A ƙarshen 2019 wasu ɗaliban Najeriya biyu da suka je gasar ƙwallon tebur a Kuroshiya da bizarsu suka tsinci kansu a sansanin 'yan gudun hijira a Bosniya; sun ce 'yan sandan Kuroshiya ne suka tsallakar da su, 'yan sandan suka musanta. Fasfo ya kasance a jikinku kullum, tare da shaidar masauki da tikitin komawa.

Mayu, Yuni da Satumba su ne lokutan zuwa. A Agusta ana bikin fina-finai na Sarayebo, wanda aka fara a 1995 ana tsaka da ƙawanya, kuɗin ɗaki sai ya tashi. Hunturu kuwa, ban da sanyi, hayaƙin gawayi da hazo kan taru cikin kwarin har a soke tashin jirage. Kwana uku sun isa garin. In da na huɗu, ku yi sammako ku kama jirgin ƙasa zuwa Mostar, tafiyar awa biyu a gefen kogin Neretba, ku ga gadar da aka gina a 1566, aka rushe a 1993, aka sake ginawa a 2004. Jirgin ba ya yawan tashi a rana, don haka tun a tasha ku tambayi lokacin na dawowa, in ya wuce ku akwai bas a tashar da ke manne da ita.