Kada Mu Ɗora Hayaƙi a Kan Hazo

Jama'ar Birnin Kebbi da Argungu, hunturu ya kawo kai, kuma iskar da 'ya'yanmu za su shaƙa daga nan zuwa watan Maris tana iya kwantar da su. Shi hazo ba mu muka yi shi ba. Iskar arewa maso gabas ce ke kwaso shi daga Sahara, galibi daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, inda tsohon tafki ya ƙafe ya bar ƙasa mai laushi. Wannan babu mai iya tare shi. Abin da nake jan kunne a kansa shi ne hayaƙin da muke ƙara masa da hannunmu.

Tun da aka ƙaddamar da shirin bai wa manoman shinkafa rance a Birnin Kebbi a watan Nuwamban 2015, noma ya bunƙasa a fadamar Rima, har aka buɗe masana'antar casar shinkafa ta WACOT a Argungu a 2017. Alhamdu lillahi, an samu arziki. Sai dai kowane buhun shinkafa kan bar kara a gona, ya bar ɓuntu a wurin casa. Manomi na gaggawar share fili don noman rani, sai ya cinna wa karan wuta da yamma. A cikin gari kuma ana ƙona bola da ledoji, mata na turara shinkafa da itace, masu kifi na banda, janareto na tashi a kowane lungu. Tun bayan cire tallafin mai a 2023, da tsadar gas da ta biyo baya, gidaje da yawa sun koma wa gawayi da itace.

Mu kuwa a kwari muke zaune, kuma wannan yana ƙara mana haɗari. Da dare iska mai sanyi kan sauko ta kwanta a ƙasa, mai ɗumi ta rufe ta daga sama kamar faifai a bakin ƙwarya. Hayaƙi ba ya samun hanyar tashi. Nan yake kwana tare da mu, shi ne kuma wanda yara ke ratsawa da sassafe kan hanyar makaranta. Ƙwayoyin da ke cikinsa sun fi silin gashi ƙanƙanta kusan sau 30, hanci ba ya tace su, sai su wuce huhu su shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa hayaƙin girki na cikin gida kaɗai ya yi sanadin mutuwar mutum kusan miliyan 3.2 a 2020, fiye da 237,000 daga cikinsu yara ne da ba su kai shekara biyar ba.

Busasshiyar iska da ƙura suna kuma raunata maƙogwaro, su buɗe wa sanƙarau ƙofa. Dattawa ba su manta da 1996 ba, shekarar da cutar ta kashe fiye da mutum 11,000 a Nijeriya. A farkon 2025 ma ta yi ɓarna a Aliero da Gwandu da Jega, nan maƙwabtanmu.

Iyaye mata, yaron da ke tari, numfashinsa na sauri, haƙarƙarinsa na lotsawa idan ya ja iska, ba mura ce ke damunsa ba, kuma ba a jira masa gobe. A ƙirga numfashinsa na minti ɗaya: idan ya kai 50 ga jaririn wata biyu zuwa shekara guda, ko 40 ga ɗan shekara ɗaya zuwa biyar, a garzaya da shi asibiti. Haka zazzaɓi mai zafi tare da sanƙarewar wuya. A sauke goyo kafin a tsuguna gaban murhu. Kada kuma a kwana da kaskon garwashi a ɗakin da aka rufe ruf saboda ɗari, domin iskar da yake fitarwa ba ta da wari, tana ɗauke mutum yana barci. Mai asma da tsoho su rage fita ranar da hazo ya yi kauri, in ya zama dole su sa takunkumi.

Manoma, karan nan abincin shanu ne, taki ne kuma idan aka bar shi ya ruɓe. Ku sayar wa makiyaya, ko ku tara shi a gefe. Masarautun Gwandu da Argungu, da hakimai da limaman Juma'a, maganarku ta fi sanarwar rediyo shiga kunne. Ku hana ƙona kara da bola da yamma tun yanzu, gwamnatin jiha kuma ta kwashe shara, ta kafa na'urorin auna iska a garuruwan nan biyu, ta riƙa faɗa wa jama'a sakamakon kullum da Hausa kafin hazon Janairu ya sauka.