Katanga Ba Ta Tare Wi-Fi

Wi-Fi rediyo ne. 'Yar na'urar da ke kan teburin shagonka tana watsa saƙo ta kowace fuska, ya ratsa bango ya fita titi, kuma duk mai kwamfuta a kusa yana iya kama shi. Abin da ya raba ka da mai kasa kunne shi ne makullin da aka ɗaure saƙon da shi.

Makulli na farko, WEP, ya fito a 1997. Zuwa 2001 masana sun gano lagonsa, amma manyan kamfanoni suka yi biris. A Amurka ɓarayi suka riƙa tsayawa da mota kusa da shagunan Marshalls a Miami suna kutsawa ta iska. A 2007 uwar kamfanin, TJX, ta amsa cewa an kwashe bayanan katunan banki fiye da miliyan 45. Sabon makulli, WPA2, ya zo a 2004, shi ma Mathy Vanhoef na jami'ar Leuven ya nuna ɓarakarsa a 2017, sannan WPA3 ya biyo baya a 2018.

Ni dai a ganina ba nan gizo ke saƙar ba a wajenmu. Mutum zai sa lambar wayarsa a matsayin kalmar sirri, alhali tana rubuce ɓaro-ɓaro a allon shagon. Ko babu allon, mai kutse na iya naɗar gaisuwar da waya ke yi da na'urar lokacin haɗuwa, ya koma gida ya bar kwamfuta tana gwada lambobi har ta dace. Kalmomi huɗu ko biyar marasa dangantaka, ko da na Hausa ne, sun fi ƙarfin irin wannan gwaji.

Sai WPS, wanda aka yi don sauƙin haɗawa. Lambobinsa takwas ne, amma ana tantance su rabi-rabi, don haka gwaji 11,000 ya isa. A kashe shi kawai, a kuma canja kalmar sirrin shiga saiti, wato "admin" ɗin da na'urar ta zo da shi daga kamfani.

A otal ko filin jirgi kuwa, kowa na iya kunna Wi-Fi ya laƙaba masa sunan wurin. In banki za ka shiga, kashe Wi-Fi ka kunna datarka.