Ko Kun Sani? Ƙurar Roba Tana Iya Tashi Kamar Bam

Ku goga matajin roba a gashin kai, ku kusantar da shi ga yagaggun takardu, za ku ga sun manne masa. Irin wannan cajin lantarki ne ke taruwa a masana'antun da ke niƙa tsofaffin robobi da leda. Yayin da iska ke tura ɓarɓashin roba cikin bututu, yana gogar ƙarfe yana gogar juna, caji ya yi ta hauhawa. Ita roba ba ta barin lantarki ya ratsa ta, sai ya tsaya a jikinta. Ɓarɓashin ya liƙe a bangon inji, ya toshe hanya, ma'aikaci ya kai hannu ya ji wani abu ya fizge shi.

Babban abin tsoro shi ne tartsatsi cikin ƙura. A ranar 29 ga Janairu 2003, ƙurar roba da ta taru a saman silin wata masana'anta a garin Kinston na Amurka ta kama da wuta ta fashe, mutum shida suka rasu.

Maganin ba ɓoyayye ba ne: a haɗa kowane ƙarfen inji da wayar da ke sauke caji cikin ƙasa, a sa na'urar da ke hura iska mai kashe caji, a share ƙura kullum. Busasshiyar iska tana ƙara tsananta matsalar, don haka mai injin niƙa roba ya ninka kulawa lokacin hunturu.