Yadda Ƙanƙara Ke Kayar da Jirgi Ko a Ƙasa Mai Zafi

Wanda ke shan rana a Gusau zai ɗauka ƙanƙara matsalar Turai ce. Amma duk mita 1,000 da jirgi ya hau, zafi na raguwa da kusan digiri 6.5. Idan ana digiri 35 a Tsafe, kafin mita 5,500 an kai sifili.

Hadarin damina da ke haɗuwa bisa dutsen Kwatarkwashi a Bunguɗu yakan wuce wannan tsayi. A cikinsa akwai ɗigon ruwan da sanyinsa ya wuce sifili amma bai daskare ba, yana taɓa fiffike sai ya ƙanƙare. Siffar fiffiken ta canza, iskar da ke ɗaga jirgin ta ragu.

Haɗari na biyu yana kan na'urorin awo. Ranar 24 ga Yulin 2014, jirgin Air Algérie da ya tashi daga Wagadugu ya faɗi kusa da Gossi a Mali, mutum 116 suka rasu. Bincike ya nuna ƙanƙara ta toshe ma'aunin injin, matuƙan kuma ba su kunna na'urar ɗumama shi ba. Kwamfuta ta gaskata lambar ƙarya, ta rage ƙarfin injin.

Maganin shi ne iska mai zafi daga injin zuwa gefen fiffike, da lantarki mai ɗumama ma'aunai. Saboda haka, alhajin Zamfara, idan matuƙi ya kewaye hadari, ka yi haƙuri da jinkirin.