Bodin motar shanu in ya fara ƙara: abin da ya kamata a duba kafin a yi lodi

 Daga Dutse Uku a nan Jos nake rubuto muku. Mahaifina fataucin shanu yake yi, ni kuma nakan raka kaya daga kara ta Bukuru zuwa kudu. Yawancinmu in za mu ɗauki hayar mota, inji da taya kawai muke tambaya. Bodi kuwa sai a ce ai ƙarfe ne. To a wannan ƙarfen dukiyarka da yaranka za su kwana.

Abu uku ne ke kwance bodi. Na farko girgiza: daga Jos ka gangara Hawan Kibo, ka bi Akwanga, Lafiya da Makurɗi, kowane rami yana sassauta noti kaɗan kaɗan. Na biyu fitsari da kashin shanu, waɗanda ke jawo tsatsa ta cinye ƙarfen ƙasa. Na uku yanayi. Katako yana kumbura da damshin kudu, in ya dawo sanyin hunturun Jos sai ya bushe ya tsuke, notin da ya kama shi ya zama yana rawa.

Dubawar ba ta da wuya, kuma motar tana wofi ake yinta. Ɗauki guduma ƙarama ka bi notina kana ƙwanƙwasawa. Mai ƙarfi ƙararsa tsaf take fita, wanda ya saki kuwa sai ka ji ta a dushe. In ka ga jan tsatsa ya zubo daga gindin noti, alama ce yana motsi a raminsa. Ka tattaka katakon ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ka jijjiga ƙofar baya da sakatarta, sannan ka leƙa ƙasa ka ga ƙarafan da suka ɗaure bodi da shasi. Kada ka manta da bamba da madigadi.

Wajen gyara, ɗaure noti kaɗai ba ya isa. In ramin ya riga ya buɗe, ko ka ɗaure yau gobe zai saki. Sai a faɗaɗa shi a sa babban noti, ko a ɗora faranti na ƙarfe a baya, da washa mai sifirin ko noti biyu. Inda tsatsa ta ci, a kankare har a ga farin ƙarfe, a shafa jan fenti tukuna. Wurin da ya ruɓe a yanke a yi faci. Fila da fenti ado ne kawai, ba sa riƙe sa mai ƙarfi. Katakon da ya tsage a canza shi gaba ɗaya. Kasuwar Katako tana nan a Laranto, notina kuma akwai su a Dilimi.

In mai walda zai taɓa motar, a cire kan batir, a kuma nisanci tankin mai. Kada a bari ya ƙona ko ya huda shasi yadda ya ga dama, domin daga nan tsagewa ke farawa. Ɗaurin waya ko igiya kuwa na kai mota gareji ne, ba na tafiyar kwana biyu ba. Bayan gyara, in aka tsaya a Akwanga, yaron mota ya sake bin notinan da sifana.

Wani zai ce wannan aikin mai mota ne. Gaskiya ne, amma in ƙafar sa ta faɗa ramin katako ta karye, kai za ka yanka shi a bakin titi ka sayar da araha. In kuma ƙarfe ya ɓalle ya bugi motar baya a garin da ba naka ba, kun fi ni sanin cewa rigimar ba ta tsayawa kan direba, har Hausawan da ke zaune a garin takan shafa.

Don haka dillali ko mai kaya, ka zagaya motar kafin a sa sa na farko. In direba ya ce ana sauri, ka ce masa gyaran awa ɗaya a Jos ya fi kwana a daji. Allah ya tsare mana hanya.